Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Motar Gudu

 Ina gaida mutanen Yelwa da Birnin Yawuri da Wara da Ngaski da Shanga, da na tungayen bakin ruwa, da direbobin da wannan shiri ya riska a hanyar Koko ko ta Kontagora. Allah Ya kai ku lafiya.

Yau zancen mota za mu yi, amma ba Hilux ba, ba Corolla ba, ba kuma Sharon ɗin da ke lodi a tasha ba. Motar nan nake nufi mai ƙofa biyu, gajeriya, mai faɗin ƙafa, wadda kunne ke jin zuwanta tun ido bai gan ta ba. Ford Mustang, Dodge Challenger, Chevrolet Camaro, BMW M4, Marsandi C63 ta AMG, har su Porsche ga wanda aljihunsa ya kai. Na san wani dattijo zai ce, "Malam, ina ruwan Yawuri da wannan?" To Baba, da ruwanta. Kuɗi na shigowa hannun samari ta hanyoyin da a da babu su: zinariya, ma'adinin da ake haƙa wajen Libata, albasa da shinkafa in shekara ta yi kyau, ga kuma 'ya'yanmu da ke nema a Abuja da Legas, masu zuwa gida da Sallah ko lokacin bikin Rigata. Kuma kasuwar motar yanzu a cikin waya take. Yaro na kwance a ɗakinsa a Tondi, dillali na Legas yana turo masa hotuna ta WhatsApp, yana cewa, "Alhaji, wannan ba ta san gareji ba. Shekararta biyu kacal. Zuba mai ka tafi."

Ni ba hana kowa na zo yi ba. Wanda ya nemi halalinsa, ya sauke nauyin gidansa, ya fitar da zakka, yana da damar ya sayi abin da ransa ke so. Kuma tunanin sayen wadda aka ɗan hau maimakon sabuwa fil tunani ne mai kyau. A ƙasashen da ake ƙera motocin nan, shekarun farko ne suka fi cin darajar mota, saboda haka wanda ya fara saye shi ke ɗaukar asara mafi nauyi, na biyu ya samu da sauƙi. A Amurka ma da yawa hayar mota suke yi daga kamfani na shekara uku, su mayar da ita lafiya lau, a sa ta kasuwa. Irin waɗannan akwai su, kuma suna isowa Najeriya. Sai dai ba su da araha.

Ga tambayar da nake so kowa ya riƙe. Mota mai shekara biyu, mai tsada, mai farin jini a ƙasarsu, me ya raba ta da mai ita har ta hau jirgin ruwa ta sauka tashar Tin Can a Legas, aka biya kuɗin jirgi, aka biya kwastan, dillali ya ɗora ribarsa, amma kuma farashinta ya yi ƙasa da na 'yan'uwanta da ke can? Ku tuna dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ba wanda ke shigo da mota don Allah. In lissafin ya yi daɗi da yawa, akwai inda aka rage.

Mafi yawan lokaci amsar ita ce gwanjo. A Amurka akwai manyan kamfanonin gwanjon motoci, fitattu su ne Copart da IAA. In mota ta yi hatsari, kamfanin inshora ya lissafa ya ga gyaranta ya kusa kuɗinta, sai ya biya mai ita, ya karɓi motar, a canja mata takarda zuwa ta "lalatacciya", a kai ta gwanjo. 'Yan kasuwarmu na saye ta intanet, a loda a kwantena, ta iso Legas a mokaɗe. Nan masu gyaran bodi da fenti za su karɓe ta, kuma wallahi gwanaye ne, bayan mako uku ba za ka ce ta taɓa gogar bango ba. Wannan sana'a ce, ba laifi ba ne. Laifin yana wajen ɓoyewa. Kuma a motar gudu abin ya fi muni, don masu sayenta a can ma ba don zuwa cefane suke saye ba. Hatsarin da ya kai ta gwanjo sau da yawa na gudu ne, irin wanda ke karkata ƙashin motar gaba ɗaya. Bamba ana canjawa, fitila ana canjawa. Shasin da ya karkace kuwa, ko an ja shi da sarƙa, ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi. A kilomita 60 ba za ka ji komai ba. Ranar da ka kai 140 sitiyari ya fara ja gefe, ranar za ka sani.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce wadda ta sha ruwa, don ita ba ta da tabo ko ɗaya. Guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston a 2017, guguwar Ian ta maimaita haka a Florida a watan Satumban 2022, kuma Florida jiha ce ta masu irin waɗannan motoci. Wani kaso nasu ya bi gwanjo ya watsu duniya. Mu mutanen bakin Kainji ba sai an yi mana bayanin abin da ruwa ke yi wa ƙarfe da waya ba, balle ruwan teku mai gishiri. Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujera, wasu a ƙarƙashin kafet. Ruwa ya taɓa su, an shanya, sun tashi. Wata shida, wata takwas, tsatsa na cin bakin wayoyi a hankali, sai ka wayi gari gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar titi ba dalili.

To bari mu shiga cikin motar tare, ku bi ni a hankali. Ka sa a rufe ta ruf, a bar ta a rana kamar minti goma sha biyar, sannan ka buɗe ƙofa ka sa hanci kafin ka sa ƙafa. In ka ji warin rima, ko kuma turare ya yi yawa har yana hawa kai, ka fara zargi. Ka durƙusa, ka tura kujerar direba baya iyakarta, ka haska tocilan a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kansa, ka dubi kusoshin. Mota mai shekara biyu ba ta da hujjar tsatsa a nan. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, har sai ya ƙi zuwa. Masu wanki sukan manta da wannan wuri, kuma a can ƙarshen za ka ga layin da ruwa ya tsaya, ko ɗigon baƙin fumfuna. Ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka shafa yatsa a lungunan. In ya fito da laka mai laushi kamar gari, ka yi sallama da dillali cikin mutunci. Kada ka manta da fitilun gaban direba. Da ka kunna, kafin inji ya tashi, dukansu za su kama, har da ta jakar iska da ta inji, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙu ko bayan inji ya tashi. In ta jakar iska ba ta kama ba sam, ba lafiya ba ce, ƙila an kashe ta ne don kada ta tona cewa jakar ta riga ta fashe an ɗinke wurin. Akwai masu yawo da maganaɗisu suna gwada jikin mota don gano inda aka cika da fota. Dabara ce, amma ku sani murfin injin Mustang na alminiyam ne, jikin Corvette kuwa ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba zai kama ba ko da lafiyarsu ƙalau. Na'urar auna kaurin fenti ta fi, kuma manyan garejin Abuja da Kaduna da Kano suna da ita.

Duk wannan dubawar ido ce. Akwai wadda ta fi ta, kuma daga Yelwa za ka iya yin ta ba ka tashi daga tabarma ba. Kowace mota tana da lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka ce wa dillali ya ɗauko maka hotonta a wuraren biyu. In ya fara kame-kame, ciniki ya ƙare. In ya turo, ka rubuta ta a Google kawai. Motar da ta bi gwanjon Amurka sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan, za ka gan ta da idonka yadda take kafin a yi mata kwalliya. Sannan ka biya kuɗi kaɗan a ciro maka rahoton Carfax, wanda ke nuna hannu nawa ta bi, ko ta yi hatsari, da nisan da ta yi a kowane lokacin da aka kai ta sabis. Nan ne ake kama masu mayar da mita baya, don da kwamfuta ake yi yanzu, aikin minti kaɗan. In rahoto ya ce ta yi mil 48,000 bara, yau kuma gaban direba na nuna 19,000, ai ba baya-baya ta yi ta tafiya a teku ba. Ku lura kuma mil ne ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Harafi na goma a lambar motocin Amurka shi ke faɗin shekara: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Ana canja wa tsohuwar mota fitilu da bamba a ce ta bana ce, amma harafin nan ba ya ƙarya sai an goge shi. Kuma ku sani an daina ƙera Challenger da Camaro tun watan Disamban 2023, wanda ya ce zai sayar muku da ƙirar 2025, ku tambaye shi a wane kamfani.

Sai ta sata. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Kowace ɗaya akwai wanda ya biya kuɗinta a nan. Motar ta tafi, kuɗin sun tafi, ga amsa tambayoyi.

Takardar kwastan ma haka. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Mu a Kebbi mun san hanyoyin Bagudo da Kamba, mun kuma san ma'anar a ce mota 'yar Kwatano ce ta biyo daji. Daga 2022 kwastan suka koma ƙiyasta haraji da lambar shasi, kuma a tsarin da aka kawo a shekarar harajin motar hannu kashi 20 ne cikin ɗari, da ƙarin kashi 15, ban da sauran 'yan kuɗaɗe. A mota mai tsada wannan miliyoyi ne masu yawa, shi ya sa ake samun takardar jabu, ko ta gaske wadda aka biya wa wata ƙaramar mota. Ka ɗauki takardun da kanka ka kai ofishin kwastan, akwai a Birnin Kebbi, a duba maka kafin ka biya ko kwabo. Corolla mai matsalar takarda takan sulale a shinge ba a kula ba. Jar Mustang mai ruri ba ta sulalewa ko'ina.

Mu ɗauka duk ka tsallake wannan, ka samu ta gari, mai tsabta. Saura zama da ita a Yawuri, kuma a ganina nan ne ainihin kuɗin yake.

Tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa bai wuce santimita 10 zuwa 14 ba, ga dogon leɓe a gaba da ke riga taya isa ko'ina. Hilux ta haura 20. Ka tuna tudun rage gudu nawa ne daga Yelwa zuwa Jega, waɗanda kowane ƙauye ya gina nasa da tsayin da ya ga dama. Kowane ɗaya sai ka tsaya cak, ka karkata, ka hau da ƙafa ɗaya ɗaya, masu kabu-kabu na zagaye ka suna dariya. Ka tuna hanyar shiga ƙauyenku da damina. Iyayenmu ba don rashin sanin ado suka riƙe Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba. Tayar motar gudu siririn gefe gare ta, a kan wili mai inci 19 ko 20, ba ta da naman da za ta shanye rami. Rami ɗaya a guje zai iya fasa taya ya lanƙwasa wili lokaci guda. Da yawansu ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da gorar gam. Wasu ma girman tayar gaba daban, ta baya daban. In ta fashe maka tsakanin Malando da Wara da la'asar, mai faci zai yi iya ƙoƙarinsa, amma sabuwa sai an aiko daga Abuja ko Legas, kuma ba wurin da mutum zai so ya kwana da irin wannan mota ba ne a halin tsaron da muke ciki. Af, in za ka duba taya, akwai lamba huɗu a gefenta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Mota ta 2022 mai taya huɗu kamfani daban-daban, tana da labarin da ba a ba ka ba.

Fetur kuma iri ɗaya ne a famfunanmu, ba zaɓi. A can kuwa hawa-hawa ne, kuma injunan AMG da BMW M da Porsche an ƙera su ne don mai daraja ta 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai. Namu yana wajen 91. Kada lambar da ke murfin tankin motar Amurka ta ruɗe ka, ma'auninsu daban ne, 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 na Turai. Injin zai ji man bai kai ba, kwamfutarsa ta rage masa ƙarfi don ya tsira. Ma'ana ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka samu ba. Mustang mai lita 5 ta fi haƙuri a nan, gaskiya, don injinta ba shi da turbo kuma an yarda ta sha mai na ƙasa. Amma ko ita ba ta yafe man bumburutu da aka tace da tsumma, balle irin gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya kashe injuna. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Yelwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Sannan sha: in ana lallaɓa ta, Mustang na shan wajen lita 13 a kilomita 100, Corolla wajen 7. Kuma wa ya sayi Mustang don ya lallaɓa? Litar man da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati kafin 29 ga Mayun 2023, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Kanikawanmu ina girmama su, sun raya motocin da kamfaninsu ma ya manta da su. Amma mutumin kirki a cikinsu zai faɗa maka gaskiya cewa wannan sai da kwamfutar da ta san yarenta. Kayan Toyota ko a Kontagora ka samu, in ya yi wuya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Na AMG sai Ladipo a Legas, in ba a dace ba sai an yi oda daga waje da dala, motar na zaune a ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a inuwarta. Tun kafin ka saya, ka san sunan garejin da zai riƙa duba ta, da kuɗin ɗora ta a babbar mota zuwa can.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma da ku nake, samari. Masunta da masu jirgin fito na Zamare da Wara sun san injin Yamaha mai doki 40, sun san yadda yake ɗaga hancin jirgi in an murɗa shi. Mustang GT doki 450 gare ta ko fiye, wato irin wannan inji goma sha ɗaya a ɗaure wuri guda. Challenger Hellcat 707 ce ko fiye. Kuma ba mai jirgin da zai miƙa wa yaron da bai taɓa riƙe inji ba ragamar ko guda ɗaya ranar kasuwa. Duk ƙarfin nan a tayoyin baya yake sauka a yawancinsu. Ka taka da ƙarfi a kwana, ko kan yashin da iska ta watso a kwalta, sai baya ya riga gaba. Akwai na'urar da ke hana wannan sulɓi, akwai kuma maɓallin kashe ta, kuma shi ne abin da abokai ke fara nuna maka don taya ta yi hayaƙi a wajen biki. Ka bar shi yadda kamfani ya sa shi. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ga motar gida kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A gudun 160, kowace daƙiƙa ɗaya kana cin mita 44, kafin ma ƙafarka ta taɓa birki. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Hanyarmu kuwa ta kowa ce: garken shanu mai gangarowa mashaya, amalanken albasa, tirelar da ta lalace aka sa mata ganye, 'yan makaranta. Motar an ƙera ta da jakunkunan iska don ta kare na ciki. Wanda ke kan babur da matarsa da goyo ba shi da ko ɗaya.

Inshorar dole ta naira 15,000 da aka fara a Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ita ma ta dukiya iyakarta miliyan 3. Taka motar ba ta ciki. Cikakkiyar inshora ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin motar ba duk shekara, wato motar miliyan 60 miliyan 3 ke nan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful da ke bin tsarin Musulunci. Ka kuma yi tunanin ranar sayarwa. Hilux ko Camry in ka sa ta kasuwa da safe, kafin Azahar an taya. Wannan kuwa masu sonta da yawa, masu sayenta 'yan kaɗan ne, kuma ba a Shanga suke ba.

In ka auna duk wannan ka ga za ka iya, to bismilla, ga yadda za a rufe ciniki. Kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ka je da kanka, da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka iso da sassafe a tayar da injin a gabanka yana sanyi, don mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A ɗaga ta sama a duba cikinta, a sa mata kwamfuta, a hau ta a titi mai tsawo. Ka biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da wanda ke takarda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi a ciki, da shaidu biyu, mai sayarwa ya rubuta da hannunsa cewa ba ta sha ruwa ba, ba ta sata ba ce, kwastan ɗinta cikakke ne, in ta yi hatsari a faɗi inda ta bugu. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, amma a gaban alƙali sai da hujja, kuma takardar nan ita ce hujjarka. Dillalai kuma, 'yan'uwana, wanda ya ce "ta bugu a gaba, an gyara, ga hotunan" zai sayar, don akwai masu saye a haka in farashin ya dace.